Me ya sa ƙarfin jan lantarki ba ya bin lambar εr kai tsaye a kwaikwayon kwamfuta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen injiniyan lantarki, ina aikin kammala digiri a kan faifan da ke riƙe kaya da cajin lantarki. Na zana farantan ƙarfe biyu a manhajar kwaikwayo, na sa wani abu mara kai wuta a tsakaninsu, na ba su bolt 1000, sannan ina canza lambar εr ta abin ina duba ƙarfin jan. Daga 2 zuwa 10 ƙarfin ya hau sosai, amma daga 80 zuwa 1000 ƙarin bai taka kara ya karya ba. Abokina da ya yi irin wannan aikin ya ga nasa ƙarfin sauka ma yake yi. Littafinmu kuma ya ce a dokar Coulomb raba ƙarfin ake yi da εr. Wane ne ke kan daidai? Kuma ta yaya zan tabbatar manhajar ba ƙarya take shirga mini ba?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abin da kake son sani shi ne ko ƙarin εr yana ƙara ƙarfin jan ko rage shi yake yi, da kuma dalilin da ya sa naka ya hau sannan ya tsaya cik. Mai yiwuwa ne kai da abokinka da littafin duk kuna kan daidai, sai dai kowa da matsalar da yake warwarewa. Lambar εr ba ta da tasiri guda ɗaya da za a haddace. Tasirinta ya rataya ne a kan abubuwa biyu: inda abin yake zaune a cikin tsarin, da kuma abin da ka tsayar wuri ɗaya, boltej ne ko caji. Idan ba a fayyace waɗannan ba, duk jadawalin da manhaja ta fitar ba shi da fassara.

Mu fara da ita kanta lambar. Duk abin da ba ya kai wuta, idan ya shiga filin lantarki, wato yankin da caji ke jin ja ko turi, cajin da ke cikin ƙwayoyinsa ba ya gudu kamar na ƙarfe, amma yana ɗan karkata: mai kyau (+) ya gusa gefe ɗaya, mara kyau (−) ya gusa ɗaya gefen. Wannan karkatar tana haifar da nata filin da ke adawa da na waje, don haka filin da ke cikin abin ya yi rauni. Lambar εr ita ce ma'aunin girman wannan amsa idan aka kwatanta da sararin da babu komai a cikinsa, wanda nasa ma'aunin shi ne ε0, wato 8.854 × 10⁻¹² F/m. Iska tana da 1.0006, kusan 1 ke nan. Teflon yana da kimanin 2.1, man taransifoma 2.2, fim ɗin Kapton 3.4, silika 3.9, alumina tsakanin 9 da 10, silikon 11.7, ruwa kuma wajen 80 a zafin digiri 20. Wasu tangaran irin su bariyom titanet suna kaiwa dubbai.

Dokar da Coulomb ya wallafa a 1785 tana magana ne a kan caji biyu ƙanana, kuma sigar da ke da εr a ƙasa tana ɗauke da sharuɗɗa biyu da littattafai ba sa yawan nanatawa: cajin ba ya canzawa, kuma abin ya cika ko'ina a kewayensu, kamar dai an nutsar da su a cikin mai ko ruwa. A tsarinka babu ko ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan. Batir ko injin boltej ne ke riƙe da farantanka, kuma abin da ka sa daskararre ne mai iyaka.

Boltej ka tsayar, ko caji?

Ɗauki farantai biyu, kowane santimita 10 sau santimita 10, wato faɗin A = 0.01 m², da tazarar d = milimita 1, a kan bolt 1000. A cikin iska ƙarfin jan shi ne F = ½ ε0 A V² / d², wanda ya ba da 0.044 N, nauyin kimanin giram huɗu da rabi. Yanzu ka nutsar da su cikin man taransifoma. Idan batir yana haɗe, boltej bai canza ba, filin da ke tsakani bai canza ba, amma batir ya turo ƙarin caji sau 2.2 don ya cike raunin da man ya kawo. Ƙarfin ya zama F = ½ ε0 εr A V² / d², wato 0.097 N. Ya hau daidai da εr. Idan kuwa ka yi cajin farantan a iska, ka cire batir, sannan ka nutsar da su, cajin ya tsaya a 88.5 nC, boltej ya faɗi, ƙarfin kuma ya zama F = Q² / (2 ε0 εr A), wato 0.020 N. Ya sauka daidai da εr, kamar yadda littafinku ya faɗa.

Farantai ɗaya, mai ɗaya, amma tsakanin amsoshin biyu akwai rata ta murabba'in εr. Ina kyautata zaton nan ne sirrin abokinka yake. A manhajar kwaikwayo ta COMSOL, wurin da ake ayyana tashar faranti yana ba ka zaɓi tsakanin boltej da caji, haka ma manhajar FEMM tana ba ka zaɓi tsakanin boltej da jimillar caji a kan ƙarfe. Ku buɗe fayilolinku ku duba wannan zaɓin kafin komai.

Daskararren abu da siririyar iskar da ke gefensa

Nan ne ainihin matsalarka take, kuma nan ne ya fi cancantar a daɗe. Ruwa-ruwa yana bin faranti duk inda ya je. Idan farantin ya ja baya, man ya cike gurbin. Daskararren abu ba ya yin haka. Idan ka ɗaga faranti daga kansa, iska ce ke shiga tsakani, kuma ko ba ka ɗaga ba, babu fuskoki biyu da ke haɗuwa ɗari bisa ɗari. Kullum akwai ƙananan ramuka da tuddai da ƙura. Don haka tsarin gaskiya shi ne layi biyu a jere: abin mai kauri t, da iska mai tazara g. Farantin da ake ja yana ganin filin da ke cikin iskar ne kawai, kuma ƙarfin shi ne

F = ½ ε0 A V² / (g + t/εr)²

Ka lura da abin da εr ke yi a nan. Ba ninka ƙarfin take yi ba, rage kaurin abin take yi a idon lantarki. Alumina mai kaurin milimita 1 tana bayyana kamar iska mai kaurin milimita 0.1. Da zarar t/εr ta yi ƙasa da g sosai, ƙarin εr ba ya da sauran abin da zai rage.

Mu sa lambobi a farantan ɗazu, da t = 0.9 mm da g = 0.1 mm. A εr = 1 ƙarfin 0.044 N ne. A 2.1 ya zama 0.16 N, a 4 ya zama 0.42 N, a 10 ya kai 1.23 N. A 80 ya kai 3.58 N, a 1000 kuma 4.35 N. Ko ka sa miliyan ba zai wuce 4.43 N ba, domin a lokacin abin ya zama tamkar ƙarfe, duk bolt 1000 ɗin sun tare a kan iskar milimita 0.1. Wannan ita ce siffar da ka gani: hawa mai tsanani da farko, sannan lanƙwasa, sannan kwanciya. Wurin lanƙwasar yana kusa da εr = t/g, a misalinmu 9. Idan ka duba jadawalinka ka ga inda ya fara kwanciya, za ka iya ƙiyasta tazarar iskar da ke cikin zanenka ko da ba ka sa ta da gangan ba.

Idan a wannan tsarin na daskararren abu ka tsayar da caji maimakon boltej, ƙarfin zai zama Q² / (2 ε0 A), babu εr a ciki ko kaɗan. Filin da ke cikin iskar cajin faranti ne kawai ke ƙayyade shi. Ka ga amsa ta huɗu ke nan a kan farantai ɗaya: hawa daidai da εr, sauka daidai da εr, hawa da kwanciya, da kuma rashin motsi gaba ɗaya.

Akwai wani tarko a inda g ke kusantar sifili. Ka sa g = 0 a lissafin sama, za ka samu F = ½ ε0 εr² A V² / t², wato murabba'in εr. Amma idan a manhaja ka manna farantin da abin ba tare da iska ba, ka ce ta lissafa ƙarfi a kan farantin, za ta yi amfani da filin da ke cikin abin ta ba ka εr guda ɗaya. Wanne za ka ɗauka? Ya danganta da tambayar da kake yi. Idan tambayar ita ce ƙarfin da ake buƙata a ɓamɓare farantin daga kan abin, murabba'in ne daidai, domin iska ce za ta shiga wurin da aka ɓamɓare. Irin wannan lissafin ake yi wa faifan da ke riƙe wainar silikon a masana'antun haɗa guntun kwamfuta. Idan kuwa tambayar ita ce yadda abin da kansa ke matsewa tsakanin farantan, kamar robobin da ke lotsawa idan an sa musu boltej, εr guda ɗaya ce ke aiki. Kai da kake aikin riƙe kaya, na farkon ne naka, don haka dole zanenka ya ƙunshi siririyar iska.

Kuma wannan iskar ba ƙaramin tasiri gare ta ba. Ɗauki Kapton mai kaurin maikiromita 50 a kan bolt 1000. Idan babu tazara, matsin jan ya kai kimanin 20 kPa. Tazarar maikiromita 1 ta mayar da shi 18 kPa, ta maikiromita 5 ta mayar da shi 11 kPa, ta maikiromita 10 kuma 7 kPa. Ƙurar da ido ba ya gani ta cinye kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin. A ra'ayina, wanda ya ɓata mako yana neman ko εr ɗinsa 3.4 ce ko 3.5, alhali ya zaɓi g da ka, ya bar jaki yana dukan taiki. Ka yi jerin gwaji a kan g kamar yadda ka yi a kan εr, ka nuna su tare a rahotonka.

Idan abin da ake ja shi ne mara kai wutar

Sau da yawa kayan da faifan zai riƙe ba ƙarfe ba ne, takarda ce ko gilashi ko roba, kuma ba a haɗa shi da kowace waya ba. A nan ƙarfin yana fitowa ne daga karkatar cajin cikinsa, kuma yana da iyaka tun daga tushe. Ga caji q a nisan d daga fuskar abu mai kauri da faɗi, ƙarfin jan daidai yake da wanda fuskar ƙarfe za ta bayar, sau (εr − 1)/(εr + 1). Wannan kason yana ba da 0.33 a εr = 2, 0.60 a 4, 0.82 a 10, da 0.98 a 80. Ga ƙaramin ƙwallo mai radiyos r a cikin filin da ba daidai yake ko'ina ba, ƙarfin shi ne F = 2π r³ ε0 εm K ∇(E²), inda ∇(E²) ke nufin saurin canjin murabba'in filin E daga wuri zuwa wuri, εm ita ce εr ta kewayen, εp ta ƙwallon, K kuma (εp − εm)/(εp + 2εm), kason da ake danganta wa Clausius da Mossotti. A cikin iska K tana ba da 0.25 a 2, 0.50 a 4, 0.75 a 10, 0.96 a 80, kuma ba ta taɓa wuce 1.

Abubuwa biyu ne ya kamata ka ɗauka daga nan. Bambancin εr tsakanin abin da kewayensa ne ke aiki, ba lambar abin ita kaɗai ba. Idan sun yi daidai ƙarfin sifili ne, idan kuma na kewayen ya fi yawa alamar tana juyawa: kumfar iska a cikin ruwa tana da K kusan −0.49, don haka guje wa wurin da filin ya fi ƙarfi take yi. Na biyu, ƙaramin abu mara caji a cikin filin da yake daidai ko'ina ba ya jin jan komai, komai girman εr ɗinsa. Idan ka sa ƙwallo a tsakiyar manyan farantai manhaja ta ba ka wani ɗan ƙarfi da ke canza alama duk lokacin da ka sabunta raga, wato ƙananan gutsattsarin da manhaja ke yayyanka zanen zuwa gare su don lissafi, wannan hayaniyar lissafi ce.

Shi ya sa faifan riƙe kaya na gaskiya ake yi musu layukan ƙarfe masu shiga juna kamar haƙoran mataji biyu, ɗaya mai kyau ɗaya mara kyau, domin filin ya lanƙwaso waje ya shiga kayan. Irin wannan filin yana mutuwa da sauri. Idan λ ita ce tsawon zagaye ɗaya na layukan, wato daga layi mai kyau zuwa mai kyau na gaba, ƙarfin yana raguwa kusan kamar exp(−4πz/λ) da nisan z. Ga λ ta milimita 2, nisan milimita 0.1 ya rage ƙarfin zuwa kusan rabi, nisan milimita 0.5 kuma ya bar kimanin kashi 4 cikin ɗari. Matsin da ke kan fuskar kayan a kowane wuri shi ne ½ ε0 (εr − 1)(Et² + En²/εr), inda En ke nufin filin iska da ke tsaye a kan fuskar, Et kuma wanda ke kwance a kanta. Kullum yana jan iyakar ne daga ɓangaren mai yawan εr zuwa mai ƙaranci. Wannan lissafin yana da amfani wajen duba aikin manhaja: ka ɗauko En da Et a kan fuskar ka haɗa jimillar da kanka, ka kwatanta da lambar da ta ba ka.

Inda manhaja ke kuskure

Manhajojin nan, COMSOL ne ko Ansys Maxwell ko FEMM ko Elmer, boltej suke warwarewa a kan raga, sannan su samo filin daga saurin canjin boltej ɗin, sannan su samo ƙarfi daga murabba'in filin. Kowane mataki yana ƙara girman kuskure. Kuskuren kashi 5 cikin ɗari a filin ya zama kusan kashi 10 a ƙarfin. Hoton boltej zai iya yin kyau sumul alhali lambar ƙarfin ba ta da inganci.

Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce tattara matsin Maxwell, wato matsin da ake lissafawa daga filin lantarki a kowane wuri, a kan rufaffiyar fuskar da ta kewaye abin. Sharaɗinta shi ne fuskar ta bi ta cikin abu guda, mafi kyau iska, ta zagaye abin gaba ɗaya. Idan abin yana taɓa wani abu mai εr daban, fuskar ta ratsa iyaka, amsar ta lalace. A FEMM ma hanyar da ke bayar da amsa mafi tsabta tana buƙatar iska ta kewaye abin. Kusurwoyi masu kaifi su ne matsala ta biyu: a lissafi filin da ke kan kaifin ƙarfe ba shi da iyaka, don haka duk lokacin da ka ƙara ƙanƙanta raga a wurin, ƙololuwar filin ƙara hawa take yi. Maganinsa shi ne ka lanƙwasa kusurwar da radiyos irin na ainihin kayan, ko ka zana wata fuska ta taimako a cikin iska, nesa kaɗan da kaifin, ka tattara matsin a kanta. A cikin siririyar tazara ka tabbatar akwai aƙalla layuka uku zuwa biyar na gutsattsarin raga a kaurinta, masu daraja ta biyu, wato waɗanda boltej ke iya canzawa a lanƙwashe a cikinsu, ba a miƙe kawai ba. Raga mai sarrafa kanta takan sa layi ɗaya tal a irin wannan wurin, musamman idan tazarar maikiromita ce faifan kuma santimita. A irin wannan yanayi ka yi ragar da hannu, mai siraran gutsattsari masu kusurwa huɗu da aka shimfiɗa a tsawon tazarar.

Ni ba na yarda da lambar ƙarfi sai hanya ta biyu ta tabbatar da ita, kuma hanya ta biyun ita ce ta makamashi. Ka lissafa kafasitans C, wato yawan cajin da farantan ke riƙewa a kan kowane bolt ɗaya, a tazarar g, ka gusa abin da kimanin kashi 1 cikin ɗari na tazarar, ka sake lissafawa, sannan F = ½ V² × (canjin C / canjin g). Kafasitans jimilla ce ta dukkan yankin, ba ta damu da kaifin kusurwa sosai ba. Abin lura biyu ne: tsarin ragar ya zama iri ɗaya a lissafin biyu, in ba haka ba bambancin raga zai rinjayi bambancin da kake nema, sannan idan da makamashin da aka tara kake aiki, alamar tana juyawa tsakanin boltej tsayayye da caji tsayayye, domin a na farkon batir ma yana zuba nasa aikin. Idan hanyoyin biyu sun yi kusa da kashi 1 ko 2 cikin ɗari, ka samu natsuwa.

Sauran kurakuran ƙanana ne amma suna yawan faruwa. Iyakar waje a COMSOL, idan ba ka taɓa ta ba, tana hana filin ratsa ta, don haka akwatin iskar da ya matse zai murɗe layukan filin. Ka fara da akwati mai girman abin sau biyar zuwa goma, ka ninka shi ka ga ko amsar ta motsa. A zane mai fuska biyu ƙarfin yana fitowa ne bisa zurfin da aka saka, sau da yawa mita 1, sai ka gyara shi zuwa ainihin zurfin faifanka. Idan rabin tsarin ka zana saboda daidaiton ɓangarori, ka ninka amsar. Idan kuma ƙarfe ne da ba a haɗa shi da waya ba, ka ba shi sharaɗin boltej mai shawagi maimakon ka cusa masa εr ta biliyan. Babbar lamba irin wannan tana wahalar da mai warware lissafin ba tare da ta ƙara komai ba.

Kafin ka taɓa ainihin zanenka, ka gina farantan nan biyu na misalinmu ka ga manhaja ta ba ka kusan 0.044 N, sannan kusan 1.23 N idan ka sa abu mai εr = 10 da t = 0.9 mm da g = 0.1 mm. Za ta ɗan saɓa saboda filin da ke lanƙwasawa a gefuna, amma idan saɓanin ya wuce 'yan kaso kaɗan, matsalar tana saitinka.

Abin da lambar εr ita kaɗai ba ta ɗauka

Lissafin da manhajar ke yi yana ɗauka cewa abin ba ya kai wuta ko kaɗan. Babu irin wannan abin a zahiri. Kowane abu yana da 'yar iya kai wuta σ, kuma lokacin da caji ke ɗauka ya ratsa shi shi ne τ = ε0 εr / σ. Ga tsabtataccen ruwa, mai σ kimanin 5.5 × 10⁻⁶ S/m, τ bai wuce 0.13 ms ba. Ga abu mai εr = 5 da σ = 10⁻¹¹ S/m, daƙiƙa huɗu da ɗoriya ne. Ga roba mai εr = 2.1 da σ = 10⁻¹⁶ S/m, ya kai kwana biyu. Idan ka riƙe boltej mara juyawa (DC) fiye da τ sau uku zuwa biyar, caji ya taru a fuskar abin, kuma a idon tazarar iskar ya zama ƙarfe, wato ƙarfin ya tafi can ƙarshen jadawalinka ko da εr ɗinsa 4 ce. Wannan ne tushen abin da injiniyoyin Denmak biyu, Johnsen da Rahbek, suka bayyana a shekarun 1920, inda abu mai ɗan kai wuta ke manne wa ƙarfe da ƙarfin da ya zarce lissafin εr nesa ba kusa ba. Shi ne kuma dalilin da kaya kan ci gaba da mannewa bayan an kashe wuta.

Wannan ya shafe ka kai tsaye idan za ka auna da hannu. Takarda da katako da fuskar gilashi suna shan laima, σ ɗinsu tana canzawa ninki-ba-ninki tsakanin bushewar hunturu da danshin damina. Awon da ka yi a Janairu da wanda ka yi a Agusta a kan faifai ɗaya za su iya bambanta sosai alhali εr ba ta canza da yawa ba. Ka rubuta danshin iska da tsawon lokacin da boltej ya yi a kunne tare da kowane awo. Idan τ na kayanka ya yi kusa da lokacin gwajin, ka koma sashen manhajar da ke haɗa σ da εr tare da tafiyar lokaci.

Ita ma εr ba tsayayyiya ba ce. Takardun bayanan kaya sukan ba da ita a firikwansin 1 kHz ko 1 MHz, kai kuma da boltej mara juyawa kake aiki. Ta ruwa tana sauka daga 80 a digiri 20 zuwa kimanin 55 a digiri 100. Ta bariyom titanet tana raguwa sosai idan filin ya yi ƙarfi, don haka sa 1000 a matsayin lamba ɗaya ga irin wannan tangaran ƙiyasi ne mai rauni. Sannan manhaja ba ta san tartsatsi ba. Iska a manyan tazara tana fashewa a kusan 3 kV/mm, wanda ya iyakance matsin jan zuwa kimanin 40 Pa kacal. Siraran tazara suna jure fili mafi ƙarfi, kamar yadda dokar Paschen ta 1889, mai danganta boltej ɗin tartsatsi da girman tazara, ta nuna, kuma mafi ƙarancin boltej ɗin da ke fasa iska yana kusa da bolt 330. A misalinmu na εr = 10, filin iskar ya riga ya kai 5.3 kV/mm, a εr = 1000 kuma ya kusan 10 kV/mm. Yayin da kake ƙara εr, kana tura boltej ɗin ne kan iskar, don haka a kowane mataki ka fitar da boltej ɗin da ke kan tazarar ka kwatanta da iyakar Paschen. Ƙarfin da ke bayan wannan iyakar a allo kawai yake.

Duk lissafin da na kawo na farantai masu shimfiɗa ne da abubuwan da amsarsu ke tafiya daidai da filin, kuma bai haɗa da lanƙwasar kayan ba. Idan faifanka ko kayan da ake riƙewa mai laushi ne, jan yana rage g, raguwar g tana ƙara jan, sai an haɗa lissafin lantarki da na lanƙwasa. Ga faranti mai rataye da sifirin, mannewar gaba ɗaya tana faruwa ne idan ya gusa kashi ɗaya cikin uku na (g + t/εr).

Tun da g ce ke da wuyar sani, ga hanyar auna ta ba tare da madubin ƙara girma ba. Ka ɗora faranti na ƙarfe a kan faifanka yadda zai zauna a lokacin aiki, ka auna kafasitans da mitar LCR. Daga nan g + t/εr = ε0 A / C. A misalinmu, idan mita ta nuna 466 pF, jimillar ta zama milimita 0.19; ka cire t/εr, wato 0.09, ya rage g = 0.1 mm. Wannan g ɗin za ka sa a zanenka. Ƙarfin da za ka sa rai kuma shi ne C² V² / (2 ε0 A), kuma idan tazarar ba daidai take ko'ina ba, ainihin ƙarfin zai ɗan fi wannan, domin wuraren da suka fi kusa suna bayar da kaso mafi girma saboda murabba'in. Ka cire kafasitans ɗin wayoyin mitar kafin ka auna, domin a ɗaruruwan pF ko 10 pF na waya yana shiga lissafin ƙarfin da kusan kashi 4 cikin ɗari.